Ku Tambayi Injiniya: In An Kai Wa Ƙasa Hari Ta Intanet, Wa Ake Kira?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo tun fitowarmu ta baya yawanci sun karkata ne ga abu guda, wato tsaron manyan na'urorin da ƙasa ta jingina da su: na banki, na wuta, na asibiti, na kwastan. Na tsamo shida daga ciki. Masu tambaya kan wayar da ke zafi da batirin da ba ya riƙe caji su yi mini afuwa sai wani jiƙon.

Tambaya: Injiniya, ni mai sana'ar POS ne a bakin tasha. Duk ranar da netwok ya ɗauke sai ka ji ana cewa 'yan dandatsa ne. Ni dai gani nake zuzutawa ce. Da gaske wani zai zauna a ɗakinsa ya tsayar da ƙasa sukutum? (Mai POS, Funtuwa)

Amsa: Ɗan'uwa, rabin zancenka gaskiya ne. Mafi yawan ranakun da na'urarka ke ƙin fitar da rasit babu hannun ɗan dandatsa a ciki. Ko dai masu aikin titi sun tsinke wayar fayiba da katafila, ko dizal ya ƙare a janaretan turken sabis, ko kuwa bankin ne da kansa ya tashi sabunta manhaja ranar kasuwa. Amma ɗaya rabin kam ba zan ba ka ba. Abin ya faru, an kuma san wuraren da ranakun.

Ƙasar da aka fi fara buga misali da ita ita ce Estoniya, 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai mutane wajen miliyan 1.3, ko birnin Kano ya fi ta jama'a. A ƙarshen Afrilun 2007 gwamnatinsu ta ɗauke mutum-mutumin wani sojan Tarayyar Sobiyet daga tsakiyar Tallinn, babban birninsu, ta mayar da shi maƙabartar sojoji. Masu jin harshen Rasha a ƙasar suka harzuƙa, aka yi tarzoma, daga ranar 27 ga watan kuma hari ya fara sauka ta intanet. Ba sata aka zo yi ba. Dubban kwamfutoci ne daga ƙasashe barkatai, da yawa masu su ba su ma san an shiga musu ba, suka riƙa danno buƙata a lokaci guda kan shafukan majalisa, ma'aikatu, jaridu da manyan bankuna, har na'urorin suka kasa amsa wa kowa. Aka shafe kusan mako uku ana haka, a ƙasar da tun a lokacin kusan duk hada-hadar banki ta koma intanet. Ka fi ni sanin yadda layin masu jiran kuɗi ke kasancewa a irin wannan rana. Dabarar da ta fi yi musu amfani ba wata mai zurfi ba ce: bankuna da jaridu suka toshe duk mai shigowa daga ƙasashen waje, suka bar na cikin gida kaɗai. Abin da ya sa suka iya yin haka da wuri shi ne injiniyoyin bankuna da na kamfanonin sadarwa da na gwamnati sun san juna, kowa na da lambar kowa, kuma shekara guda kafin nan an riga an kafa musu tawagar ko-ta-kwana ta ƙasa. Estoniya ta zargi Rasha, Rasha ta musanta. Mutum ɗaya tak aka hukunta, wani ɗalibi da aka ci tara.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne na Yukren. Ranar 23 ga Disambar 2015, da la'asar, ana tsananin sanyi, wani ma'aikaci a ɗakin sarrafa wutar lantarki na yankin Ivano-Frankivsk yana zaune gaban allonsa sai ya ga kibiyar linzamin kwamfuta tana tafiya da kanta, shi kuwa bai taɓa komai ba. Kibiyar ta nufi makunnin wata ƙaramar tashar rarraba wuta ta latsa. Ɗan akwatin nan mai tambayar ko ka tabbata ya fito, ta latsa masa eh, ta wuce zuwa tasha ta gaba. Mutumin ya cafki linzamin yana jijjigawa, ko gezau. Can na'urar ta kore shi waje, da ya sake sa kalmar sirrinsa sai ya tarar an canza ta. Kamfanonin rarraba wuta uku aka yi wa haka a yini ɗaya, masu mita wajen 225,000 suka shiga duhu. Maharan ba su tsaya nan ba, sai da suka cika layukan karɓar ƙorafi da kiran bogi don kada jama'a su samu shiga, suka kuma goge abin da ke cikin kwamfutocin ofis.

Da aka bincika, ashe watanni suka yi a ciki. Ƙofar shigarsu saƙon imel ne mai ɗauke da takardar ofis, wani ma'aikaci ya buɗe, aka nemi izininsa ya bayar. Daga nan suka bi sannu suna tsintar kalmomin sirri har suka isa na'urorin da ke juya wutar.

To me ya dawo da wutar cikin awa ɗaya zuwa shida? Ma'aikata ne suka shiga motoci suka bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya suna mayar da makunnai da hannu. Tsofaffin kayan da ake yi wa kallon ci-baya su suka fishshe su, tare da mutanen da ba su manta yadda ake sarrafa su ba. Shi ya sa duk sanda na ji wata hukuma na bugun ƙirji cewa ta mayar da komai kan kwamfuta ta sallami takarda, nakan so in tambayi shugabanta: ranar da kwamfutar ta juya muku baya, wa ya rage a cikinku da ya iya aikin da hannu?

Ka ga ke nan ba aikin mutum ɗaya ba ne a ɗakinsa. Aikin gungu ne mai kuɗi da haƙuri, sau tari da wata gwamnati a bayansa. Kai dai ka riƙe na'ura biyu ta kamfani daban-daban, da ɗan tsabar kuɗi a aljihu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a nan Najeriya in irin haka ta faru, wace hukuma ce ke da alhaki? Ko dai sai abin ya auku a kafa kwamiti? (Tsohon ma'aikacin gwamnati, Kaduna)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai hukumar, har ma sun so su yi yawa.

Asalin tsarin daga Amurka ya fito. A Nuwambar 1988 wani ɗalibin jami'a, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta, ta durƙusar da dubban kwamfutoci a lokacin da intanet ɗin duka bai taka kara ya karya ba. Injiniyoyi suka rasa wanda za su kira, ga shi hanyar da suka saba tuntuɓar juna, wato imel, ita ce ta cushe. Daga nan aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta farko a Jami'ar Carnegie Mellon, sauran ƙasashe suka yi ta kwaikwaya.

Tamu ana kiran ta ngCERT, tana Abuja, ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Dokar laifukan intanet ta 2015 ce ta ɗora wa masu gudanar da na'urori nauyin kai mata rahoto, gyaran da aka yi wa dokar a 2024 kuma ya rage wa'adin daga kwana 7 zuwa awa 72. Ban da ita, hukumar sadarwa ta NCC na da tata tawagar mai kula da kamfanonin waya, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA na da tata, Babban Banki na da ƙa'idojinsa a kan bankuna. In bayanan jama'a ne suka fita, sunaye da lambobin NIN ko BVN, dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC, ita ma cikin awa 72. Kama mai laifi kuwa aikin 'yan sanda ne da EFCC. A 2024 ɗin dai shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin da ya ayyana turakun sabis, wayoyin fayiba da cibiyoyin adana bayanai a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. Za ka kuma tuna harajin nan na kashi 0.5 cikin ɗari kan tura kuɗi da Babban Banki ya sanar a Mayun 2024 da sunan tsaron intanet, jama'a suka yi caa, aka jingine shi. Masu karanta mu a Gana su kuma suna da tasu hukumar da dokar 2020 ta kafa, lambar kai rahoto 292 ce.

Mutane da yawa na zaton aikin irin wannan cibiya shi ne mayar da martani, a harbo ta harba. Ba haka ba ne. Babban aikinta tattara alamomi: daga wane adireshi saƙon ya fito, wace kafa aka bi, wace manhaja aka dasa. Sai ta yi maza ta sanar da sauran bankuna da asibitoci da ma'aikatu su toshe wannan kafar kafin a iso gare su. In wanda aka fara taɓawa ya yi gum, cibiyar ba ta da abin da za ta gargaɗi kowa da shi.

A nan gizo ke saƙar, Baba. A takarda tsarinmu bai da laifi. Ciwonmu rufa-rufa. Na taɓa aiki a wani kamfani, ba zan kama suna ba, da aka shigar mana. Manaja ya tara mu a ɗakin taro, ya rufe ƙofa, ya ce duk wanda ya bari maganar ta fita to a bakin aikinsa. Abokan hulɗa aka rubuta musu cewa ana 'yan gyare-gyare ne. Ba a jima ba wani kamfani mai irin sana'armu ya faɗa ramin, da irin saƙon, daga irin adireshin. Da kiran waya ɗaya aka yi da sun tsira. Muddin shugaban hukuma ya fi tsoron jarida da kwamitin majalisa a kan tsoron ɓarawon, to awa 72 ɗin nan rubutu ce kawai. Ni a ganina kamata ya yi wanda ya kai rahoto da wuri ya samu sassauci, wanda aka kama ya ɓoye kuma a yi masa hukuncin da zai ji a jikinsa. Sannan da za a rage ƙarfin da ake kashewa wajen amfani da wannan doka a kan 'yan jarida da masu rubutu a Facebook, a karkata shi ga masu kutsen gaske, da an fi ganin amfaninta.

Tambaya: Malam, na ji ana kulle kwamfutocin gwamnati a nemi kuɗin fansa. In albashin ma'aikata ya maƙale a ciki, ba gara a biya a huta ba? (Akanta a wata ma'aikatar jiha, Dutse)

Amsa: Hajiya, na fahimci inda kika dosa, domin ke za a tsare a bakin ofis ranar 28 ga wata. Bari in ba ki labarin waɗanda suka ƙi biya da wanda ya biya, ki auna da kanki.

A tsakiyar Afrilun 2022 wani gungu mai suna Conti ya kulle na'urorin ma'aikatar kuɗi ta Kosta Rika, a Amurka ta Tsakiya, sannan ya bazu zuwa hukumomi sama da 20. Suka nemi dala miliyan 10, daga baya suka ninka. Tsarin haraji ya tsaya, na kwastan ya tsaya, kwantenoni suka yi cirko-cirko ana cike takardu da biro, albashin malaman makaranta ya rikice. Sabon shugaban ƙasa, Rodrigo Chaves, ranar da aka rantsar da shi, 8 ga Mayu, a ranar ya ayyana dokar ta-ɓaci. Kafin watan ya ƙare wani gungun daban ya afka wa hukumar da ke riƙe da asibitocin gwamnati. Ba su biya ba, amma sun sha wuya ta watanni.

Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya, ita ma Conti ɗin ce ta kulle mata hukumar lafiya ta ƙasa ranar 14 ga Mayun 2021. Gwamnati ta ce ko sisi. Bayan kamar mako guda maharan da kansu suka miƙa makullin buɗewa kyauta. Ki lura da nan, Hajiya: makulli na hannu, amma sai da aka kwashe wajen wata huɗu kafin komai ya daidaita. Kowace kwamfuta sai an bi ta an wanke, an tabbatar ba a bar wata ɓoyayyiyar ƙofa ba. Rahoton binciken da aka fitar daga baya ya nuna tun 18 ga Maris wani ma'aikaci ya buɗe takardar Excel da aka turo masa, maharan suka yi mako takwas suna yawo a ciki. An ga alamu a wasu asibitoci, ba a ɗauke su da nauyin da ya kamata ba.

Wanda ya biya shi ne kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka, mai ɗaukar kusan kashi 45 cikin ɗari na man da gabashin ƙasar ke sha. A Mayun 2021 aka kulle shi, ya biya kimanin dala miliyan 4.4 da kuɗin Bitcoin ba tare da ɓata lokaci ba. Manhajar buɗewar da aka ba su ta yi nawa har sai da suka koma ga kwafin da suka ajiye da kansu. Bututun ya yi kwanaki a rufe, aka yi dogayen layuka a gidajen mai, abin da mu ba baƙonmu ba ne amma su ya gigita su. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusun ma'aikaci da ba a rufe ba, mai kalmar sirri ɗaya tilo, babu mataki na biyu na tantancewa.

Saboda haka amsata a'a ce. Biya ba ya dawo da aiki gobe da safe, ba ya hana a sayar da bayanan da aka riga aka kwashe, kuma yana sa sunanku cikin jerin masu biya. Amma ƙin biya sai mai abin dogaro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ki tambayi mai kula da kwamfutocinku ina kwafin jadawalin albashi yake, na wane wata ne, kuma ko yana jone da netwok ɗin ofis. In yana jone, tare za a kulle su. Ki kuma fitar da na watan jiya a takarda ki sa a kabad mai makulli.

Tambaya: Na karanta cewa lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 2023 an kai wa Najeriya hari kusan miliyan 13 ta intanet. Ta yaya ƙasa za ta sha hari miliyan 13 ta kwana lafiya? (Ɗalibi, Sakkwato)

Amsa: Ƙanena, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, shi ya ba da wannan adadi, kuma irin waɗannan alƙaluma na fitowa daga gwamnatoci da kamfanoni a ko'ina. Sai dai ka san me ake ƙirgawa. Duk na'urar da aka jona da intanet, cikin mintuna kaɗan wasu manhajoji masu sarrafa kansu za su fara lalubarta. Kamar ɓarawon da ke bin layi da tsakar dare yana tura kowace ƙofa ya ji wadda ba a sa wa sakata ba. In mai gadi ya rubuta kowace turawa a littafi, da safe zai nuna maka shafuka cike, alhali ba gidan da aka shiga. Adadin ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne ma'auni ba. In kana son ka gane ƙarfin wata hukuma, ka tambaye ta guda nawa suka samu shiga, kwana nawa suka yi kafin a farga, awa nawa aka ɗauka kafin aiki ya dawo. Waɗannan ukun ba a cika karanta su a taron manema labarai ba.

Tambaya: Ranar da intanet ya ɗauke mana a Gana da Najeriya a watan Maris na 2024, hari ne aka ɓoye mana? (Mai shagon waya, Kumasi)

Amsa: A'a, Alhaji. Ranar 14 ga Maris ɗin wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, kamfanin MainOne kuma ya danganta abin da motsin ƙasa a ƙasan teku. Gyara ya ɗauki makonni, domin sai jirgin ruwa na musamman ya zo ya ciro wayar ya ɗinke ta. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu hanya ta biyu, irin wayar Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022. Ga mai shago dai duk ɗaya ne, ko ɗan dandatsa ko zaftarewar ƙasa, ciniki ya tsaya. Shi ya sa tanadin ƙasa ya haɗa da yawaita hanyoyi, da ajiye bayanan cikin gida a cikin gida, don kada saƙon da za a aika daga Kumasi zuwa Akara sai ya je Turai ya dawo.

Tambaya: Ina aiki a sashen katin marasa lafiya na wani asibiti. Kwamfutocinmu tsofaffi ne, mai kula da su mutum ɗaya ne, shi ma ba kullum yake nan ba. In na zo da safe na ga saƙon neman fansa a allo, me zan fara yi? (Ma'aikaciyar asibiti, Gombe)

Amsa: Malama, tambayarki ta fi ta kowa amfani a wannan makon, don tsaron ƙasar da ake ta faɗa a Abuja a teburi irin naki yake farawa.

Abu na farko, zare wayar netwok daga bayan kwamfutar, ki kashe mata Wi-Fi, ki leƙa sauran ofisoshi ki ce kowa ya yi haka. Kada ki tsaya neman izini, domin irin wannan cuta a cikin mintuna take tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura. Ita kwamfutar kanta ki bar ta a kunne in da hali, akwai shaidar da ke gogewa in an kashe ta. Ki ɗauki hoton allon da wayarki, ki rubuta lokacin da kika gani. Kada a soka mata filashi, kada kuma a kira yaron nan na kasuwa ya goge komai ya sake zuba Windows, domin in ya yi haka ba mai sanin ta inda aka shigo, kuma ta nan za a sake dawowa. Ki kira mai kula da na'urorin da shugaban asibiti ta waya, ba ta imel ɗin ofis ba, wataƙila maharan na karantawa. Shugaban ne zai kai rahoto ga ngCERT da NDPC. Ku kuma ku koma kati da biro nan take, marasa lafiya ba za su jira ba.

Kada ki ɗauka talaucinmu ne kaɗai ke jawo haka. Ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar neman fansa mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, aka riƙa karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin. Abin takaicin, kamfanin Microsoft ya fitar da maganin kafar da manhajar ta bi tun watan Maris, wata biyu kafin nan, ba a dai sa ba. Wani matashi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, shi ya taka mata birki da ya lura tana neman wani adireshin intanet da ba kowa ya mallaka, ya saye shi a kan kuɗin da bai kai dala 11 ba. Sa'a ce, ba kuma kullum ake samun irinta ba.

Bayan mako shida sai ga wadda ta fi ta muni, NotPetya, ranar 27 ga Yuni. Ta ɓullo ne ta cikin wata manhajar lissafin haraji da kamfanonin Yukren ke amfani da ita, ta bi ofisoshin manyan kamfanoni ta fantsama duniya. Ita ba ta da makullin buɗewa ma, shiga ta yi irin ta masu neman fansa amma gogewa take yi. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Denmak, cikin ƙanƙanin lokaci ya rasa kusan komai, manyan motoci suka yi layi a ƙofofin tashoshin ruwa ba mai iya cewa wace kwantena ce ta wa. Na'urorin da ke riƙe da rajistar duk ma'aikata da izinin shigarsu suna da yawa a faɗin duniya, kowace kwafin 'yar'uwarta ce, don haka aka ɗauka ba za su taɓa mutuwa tare ba. Tare kuwa suka mutu, don duk a jone suke. Guda ɗaya ce ta tsira, a wani ofishinsu na nan Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a lokacin, ba ta kan layi. Aka ciro faifan ajiyarta, mutum ya rungume shi a jirgin sama har Ingila, da shi aka sake gina kamfanin: manyan kwamfutoci 4,000 da na tebur 45,000 cikin kwana 10, da asarar dala miliyan 250 zuwa 300. Na san za ki yi dariya, ɗauke wuta dai da muke tsine wa kullum.

To ke kada ki jira ɗauke wuta ta yi miki wannan aikin. Ki roƙi asibiti ya sayi faifan ajiya na waje guda biyu. Duk ranar Alhamis kafin a tashi a kwafe bayanan a ɗaya, a zare shi, a kulle a wani ɗaki daban, mako mai zuwa a yi da ɗayan. A rubuta lambobin wayar mutum huɗu ko biyar da za a kira a manna a bango, ba a cikin kwamfuta ba. Duk wanda ya bar aiki ko aka yi masa canji a rufe asusunsa a ranar, a kuma daina manna kalmar sirri a jikin allo. Kwamfutar da ta tsufa har ba ta karɓar sabuntawa a cire ta daga intanet, ta yi aikin kati kaɗai, ba kallon bidiyo, ba cajin waya a jikinta.

Sannan sau ɗaya a wata uku ku ɗauko faifan nan ku jona shi da wata kwamfuta daban, ku nemo katin mutum guda ku buɗe. Na sha zuwa ofisoshin da suka yi shekara suna kwafa da zuciya ɗaya, ranar da aka buƙata aka tarar fayil ɗin fanko ne, ko kuma wanda ya san kalmar buɗe shi ya yi ritaya ya koma ƙauye, wayarsa ba ta shiga.